Yadda ake farfaɗo da tsohon madabod da duba wutar furosesa kafin a ce ya mutu

Toh jama'a wannan bayanin na masu tsofaffin kwamfutocin tebur ne, irin su Pentium 4 da Core 2 Duo da Athlon, waɗanda suka daɗe suna riƙe da shagunan bizines senta da ɗakunan kwamfuta na makarantu da yawa a garuruwanmu. Sau nawa mutum zai shigo min shago da inji a kafaɗa ya ce oga madabod, wato babban allon da komai na kwamfuta ke jone a kansa, ya ƙone a samo min wani, in na tambaye shi me ka auna sai ya ce ai bai auna komai ba, ya danna ne kawai ya ƙi tashi. Wani kuma injin ne ke kashe kansa yana sake tashi ana tsakiyar aiki, sai a ba shi shawara wai ya shiga BIOS, wato wajen saitin madabod da ake shiga kafin Windows ta tashi, ya ƙara wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, wuta. Wallahi wannan shawarar tana ci min rai, domin a mafi yawan injinan da na buɗe ba furosesa ba ne ke neman ƙarin wuta, wutar da ake ba shi ce ta lalace tun daga hanya, kaga kuwa in ka ƙara ma ciwon kawai ka ƙara masa.

Kayan aikin ba su da yawa. Maltimita ko da mai arha ce, ayon na soda mai ƙarfi kamar wat 60 zuwa sama, dalma mai kyau, fulaks wato man da ke sa dalma ta kama, buroshin haƙori tsoho, sifirit, sukundireba, allurar sirinji ko wani siririn ƙarfe da dalma ba ta kama shi, sai ɗan ƙaramin sifika na madabod mai yin ƙara. Wannan sifikar kada ka raina ta, ita ce bakin injin lokacin da allo bai nuna komai ba.

Abu na farko ka bar madabod tukuna ka fara da fawa fak, akwatin nan da ke karɓar wutar bango yana raba wa injin. Juya bayansa ka duba ko akwai ɗan jan makunnin nan mai 115 da 230. Injinan tokumbo da aka kwaso daga Amurka da yawa suna zuwa a kan 115, mu kuma wutarmu 230 ce, in ka jona a haka sai dai ka ji tau da hayaƙi. In yana kan 230 sai ka cire duk wayoyinsa daga madabod, ka bar masa tsohon hadis ɗaya ko fanka don ya samu ɗan kaya, ka ɗauki filogin nan babba mai fil 20 ko 24, ka haɗa koriyar waya da kowace baƙa da ɗan guntun waya. In fankarsa ta juya sai ka auna, baƙin tsinken mita a baƙar waya, jan kuma kana yawo da shi. Rawaya ta ba ka bolt 12, ja 5, ruwan lemo 3.3, sannan shunayya ta ba ka 5 ko da injin a kashe yake muddin yana jone a bango, toka-toka kuma ita ce ke gaya wa madabod cewa wuta ta daidaita, ta nuna kusan 5. Ƙa'idar ATX ta yarda da kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa, wato rawaya kada ta sauka ƙasa da 11.4 ko ta haura 12.6, ja kuma tsakanin 4.75 da 5.25. In ya kauce a canja shi kawai. Kuma dan Allah kada ka buɗe cikin fawa fak in ba ka san aikin ba, manyan kafasitocin ciki suna riƙe wuta sama da bolt 300 ko bayan an zare filogi. Wasu injinan Dell da HP ƙanana filoginsu daban ne da launukan waya daban, waɗannan ka nemi tsarinsu kafin ka haɗa komai da komai.

In fawa fak lafiya yake sai ka kwance madabod gaba ɗaya daga akwatin ka ɗora shi a kan kwali busasshe. Ka taɓa ƙarfe kafin ka taɓa shi, musamman lokacin hunturu da jiki ke tara wutar nan mai tas-tas. Dalilin fito da shi waje shi ne wani lokacin ƙusa ce guda ta faɗa bayansa ko ƙafar da ake ɗaure shi a kai tana taɓa inda bai kamata ba. Bar furosesa da fankarsa, ram guda ɗaya, sifika, shi kenan. Ka tayar da shi ta hanyar taɓa fil biyun nan na PWR_SW da bakin sukundireba. Sannan ka gwada cire ram ɗin gaba ɗaya ka sake tayarwa, in ya yi ta kuka ƙii ƙii toh albishirinka, furosesa na samun wuta kuma BIOS na gudana, matsalar tana wajen ram ko katin hoto. In kuwa shiru fanka kawai ke juyawa, aiki na gaba.

Ka kakkaɓe ƙura sosai da bulowa da buroshi. Ƙurar hunturu in ta taru ta haɗu da danshin damina takan zama kamar laka a tsakanin ƙafafun kaya, na sha ganin allon da wanki kawai ya tayar da shi. Goge da sifirit ka bari ya bushe ƙarau, ban yarda da fetur ko tina ba don suna cin roba. Ram kuma ka goge zinaren bakinsa da kilinar fensir. Daga nan ciro batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, ka auna, sabo yana ba da bolt 3 da ɗan ɗori, in ya sauka wajen 2.5 ka sa sabo. Wasu allunan ba sa tashi sam saboda wannan ɗan batirin. Kusa da shi akwai fil uku da ɗan murfin roba a kan biyu, an rubuta CLR_CMOS ko CLRTC ko JBAT1, zare wuta daga bango, mayar da murfin daga 1-2 zuwa 2-3 na kamar daƙiƙa goma ka dawo da shi. Wannan yana goge duk wani saitin boltej da wani ya taɓa cusawa a BIOS, kuma in injin ya mutu ne bayan an yi masa wasa da saiti, sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

Yanzu ka kawo fitila ka zuba wa kafasitoci ido, waɗannan dogayen gwangwanayen da ke jere kewaye da soket ɗin furosesa. Lafiyayye kansa a shafe yake lebur. Wanda ya lalace za ka ga kansa ya kumbura kamar gwangwanin tumatir da ya daɗe, ko wani abu ruwan ƙasa ya bushe a kan tsagar da ke samansa, ko ya karkace don robar gindinsa ta turo. Shafa da yatsa, wani kumburin ido ba ya gani sai hannu. Allunan da aka ƙera daga wajen 1999 zuwa 2007 sun yi fama da wannan cuta sosai saboda gurɓataccen ruwan sinadarin da aka zuba a kafasitoci masu yawa a lokacin, ga kuma zafin ƙasarmu da wutar janareta sun ƙara musu tsufa. Aikinsu shi ne tace wutar furosesa ta zama sumul, in sun gaji sai wutar ta riƙa rawa, mita za ta nuna maka adadi daidai amma furosesa na shan wahala, shi ne za ka ga inji yana daskarewa, ko shuɗin allo, ko sai an danna sau biyar kafin ya tashi da safe.

Akwai wani Pentium 4 na wata baiwar Allah mai shagon buga takardu da aka kawo min, wai duk lokacin da ta buɗe CorelDRAW sai ya mutu. An canja mata ram, an sake Windows sau biyu, har wani ya ɗaga mata boltej. Da na cire fankar furosesa sai ga kafasita shida a jere duk sun yi tozo, ɗaya ma ya tsiyaye har ya yi tsatsa a allon. Fankar ce ta rufe su shi ya sa ba wanda ya gani. Su na canja na mayar da saiti yadda yake, inji ya koma aiki.

Wajen canjawa ga yadda nake yi. Kafin ka cire komai ka ɗauki hoto da waya, ka rubuta abin da ke jikin kowanne, misali 6.3V 1800uF ko 16V 1000uF. Na kusa da soket galibi 6.3 ne, na kusa da filogin bolt 12 kuma 16. Sabon ya zama adadin uF ɗaya, boltej ɗaya ko sama da haka amma ba ƙasa ba, mai 105°C, kuma lallai irin wanda ake kira Low ESR, ba irin na rediyo da ake sayarwa a tire ba, waɗancan ko sun tashi ba sa wata uku. Rubycon da Panasonic da Nichicon da Sanyo su ake nema, sai dai jabu sun cika kasuwa, ni sau da yawa na fi yarda da in ciro masu kyau daga wani mataccen allo mai inganci. Ka duba faɗinsa ma, mai milimita 10 ba zai zauna a gurbin mai 8 ba in a matse suke. Kuma in uku sun kumbura a cikin jeri na irinsu ɗaya, canja jerin duka, sauran ma suna hanya.

Cirewar ita ce ke ba mutane wuya. Madabod ba kamar allon rediyo ba ne, hawa-hawa ne na tagulla a ciki, yana shanye zafin ayon nan da nan, shi ya sa ƙaramin ayon mai wat 30 zai yi ta ɗanɗana dalmar ba ta narke ba har ka ƙona wajen. Sa fulaks, ƙara sabuwar dalma a kan tsohuwar ƙafar tukuna, ita ce za ta kai zafin ciki. Narka ƙafa ɗaya ka ɗan karkata kafasitan, narka ɗayar ka karkata ɗaya gefen, a hankali a hankali har ya fito. Kada ka fizga, in ka fizgo bututun tagullar da ke cikin ramin ka yanke hanyoyin ciki kuma wannan ba ya gyaruwa da sauƙi. Ramin in ya toshe, ɗora ayon ta baya ka tura allurar sirinji ta gaba, bari ya huce ka murza ta fita. Kada ka kuskura ka sa diril.

Sai maganar fuska. Ƙafar da ke gefen ratsin jikin kafasita ita ce nagetif, doguwar ƙafa kuma fozitif. A yawancin alluna rabin da'irar da aka shafe da fari shi ne nagetif, amma allunan Asus da ASRock akasin haka suke yi, farin shi ne fozitif, nan ne hoton da ka ɗauka zai cece ka. In ka juya shi zai fashe da an ba da wuta. Bayan soda ka yanke ƙafafu, wanke fulaks da sifirit, ka duba da kyau ko wani ɗigon dalma ya haɗa wurare biyu.

In alamar injin ita ce fanka ta ɗan motsa ta tsaya nan take, wannan shot ne, wato layin wuta biyu sun haɗe, fawa fak ke kare kansa. Zare ɗan filogin nan mai fil 4, rawaya biyu baƙi biyu, wanda aka fara sawa tun zamanin Pentium 4 don ciyar da furosesa, ka sake tayarwa. In yanzu fanka ta ci gaba da juyawa toh shot ɗin yana sashen da ke sauke bolt 12 zuwa ɗaya da ɗoriya, wato mosfet da koyil da kafasitocin da ke kewaye da soket. Zare wuta, cire furosesa, sa mita a saitin da take ƙara in wurare biyu sun haɗe, auna tsakanin fil ɗin rawaya da baƙi a kan allon. Ɗan ƙii na daƙiƙa ɗaya ba komai kafasita ne ke cika, amma in ƙarar ta zarce akwai mosfet da ya haɗe. Su ne baƙaƙen nan masu ƙafa biyu da faffaɗan baya da aka manne a allo. Auna tsakanin bayan da kowace ƙafa, wanda ya yi ƙara ta kowane ɓangare shi ake zargi, sai dai da yake a jere aka haɗa su ɗaya zai iya sa duka su yi kamar sun mutu, dole ka ɗaga ƙafar koyil ɗaya bayan ɗaya ko ka ciro wanda ka fi zargi ka auna shi a waje. Wannan aikin da bulowar zafi ake yinsa. Ka sa mai lamba iri ɗaya, kuma gwajin farko ka yi shi da furosesa mai arha, saboda mosfet na sama in ya haɗe bolt 12 yake turawa kai tsaye cikin furosesa. Abin lura, in furosesa na ciki ka auna layin wutarsa za ka ga om kaɗan ƙwarai har mita ta yi ƙara, wannan haka yake ba shot ba ne, mutane da yawa sun yar da allo mai kyau a kan wannan.

Toh yanzu mun iso kan boltejin kansa. Naɗe jan tsinken mita da salatif ka bar ɗan bakinsa kawai, don in hannunka ya zame kada ka haɗa ƙafa biyu. Baƙin ka soke shi a baƙar wayar filogin hadis. Mita a DC, tayar da inji da hitsink, ƙarfen nan mai shanye zafin furosesa, a kai, kada ka taɓa tayar da tsohon Athlon ba hitsink ko na daƙiƙa biyar ne, ba shi da kariyar zafi, ƙonewa yake. Taɓa ƙafar koyil ta ɓangaren soket. Abin da ya kamata ka gani ya danganta da furosesan. Pentium III Coppermine wajen 1.6 zuwa 1.75, Pentium 4 Northwood wajen 1.5, Prescott 1.25 zuwa 1.4, Athlon XP Barton 1.65, Core 2 Duo irin E6600 bai wuce 1.5 ba a ƙa'idarsa kuma galibi wajen 1.3 za ka gan shi, E8400 kuma iyakarsa 1.3625. Tun daga Pentium Pro furosesa da kansa ke gaya wa allo wutar da yake so ta wasu fil da ake kira VID, shi ya sa in ka ga sifili ko wani adadi na banza a soket ɗin LGA775 ka ciro furosesa ka haska soket, fil ɗin a jikin allo suke kuma guda ɗaya in ya lanƙwashe ya isa. Da bakin allura ake miƙe shi, da haƙuri. Sannan ba duk furosesan da ya shiga ramin 775 ne allon ke ɗauka ba, masu cifset 915 ba sa tayar da Core 2 Duo duk da ya zauna daram, wasu kuma sai an sabunta BIOS kafin su karɓi su E8400. Tunda mita na hannunka auna na ram ma, DDR 2.5 zuwa 2.6, DDR2 1.8, DDR3 1.5.

In kuwa ka ci karo da na can baya irin Socket 7, waɗanda wani lokaci ake samu suna tuƙa tsofaffin injinan masana'anta, su da hannu ake saita musu da ƴan murafun roba ko ƙananan makunnai, teburin saitin a rubuce yake a jikin allon. Pentium na wannan soket wanda ba MMX ba wajen 3.3 yake ci, Pentium MMX 2.8, AMD K6-2 galibi 2.2 kuma an rubuta a fuskarsa ɓaro-ɓaro. In ka cire MMX ka sa K6-2 ka manta ba ka sauke ba, 2.8 za ka ɗura masa, zai yi zafi ya lalace. Ka saita, ka auna, sannan ka yarda.

A BIOS kuma, Del ake dannawa a yawancin alluna, F2 a Dell, F10 a HP, kuma su waɗannan na kamfani galibi ba su ma da wajen taɓa boltej. A sauran ka fara da Load Optimized Defaults, ka bar CPU Voltage a Auto ko Normal, sannan ka shiga PC Health ko Hardware Monitor ka kwatanta abin da ya rubuta da abin da mitarka ta nuna, in sun saɓa mita ce mai gaskiya. A tsofaffin Gigabyte sai ka danna Ctrl da F1 wasu saitukan ke bayyana. Cikin Windows in ka buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan furosesa, ka ga E8400 yana 2.0GHz maimakon 3.0 kuma boltej ya sauka, ba lalacewa ba ce, SpeedStep ne ke rage masa in ba ya aiki, a AMD kuma Cool'n'Quiet. Haka in ka ɗora masa aiki ka ga wutar ta ɗan sauka kaɗan, da gangan aka tsara haka. Abin da ba daidai ba shi ne ta riƙa tsalle sama da ƙasa ko ta faɗi da yawa, wannan ka koma kan kafasita da fawa fak.

Ni a ra'ayina inji in yana gudu a saurinsa na asali ba shi da buƙatar ƙarin wuta ko kaɗan. In ka ɗaga masa gudu ne da kanka, ka ƙara taki ɗaya-ɗaya mafi ƙanƙanta da BIOS ya bari, ka gwada, kana kallon zafi, kuma kada ka haura iyakar da na faɗa a sama. Northwood da yawa sun mutu farat ɗaya a hannun masu kai su sama da 1.7. A zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato ma ni ragewa na fi yi, taki ɗaya ko biyu ƙasa, in ya jure gwaji sai ka ga zafi ya sauka fanka ta yi shiru. In ka yi saitin da ya hana shi tashi kada ka tsorata, koma kan murfin CMOS ɗin nan.

Kafin ka mayar da shi akwati goge tsohon man furosesa da ya bushe ka sa sabo kamar ƙwayar shinkafa, ka tabbata ƙafafu huɗun fankar 775 duk sun shiga sun yi ƙas, don ɗaya in ta ɗage zafi zai haura ya kashe injin kai kuma ka zaci wuta ce. Sa Memtest86+ mai gwada ram ya zagaya ko sau biyu ba jan layi, sannan Prime95 mai ɗora wa furosesa aiki na awa biyu ko uku da rana tsaka lokacin da shago ya fi zafi, HWMonitor mai nuna zafi a buɗe a gefe, Core 2 ya tsaya ƙasa da 70°C. Kashe shi ka bar shi ya kwana, da safe ka danna sau ɗaya, in ya tashi a bugun farko sai ka ɗaure ƙusoshi ka kira mai shi, ka kuma gaya masa ya jona ta sitabilaiza ko UPS, ya riƙa kashe injin kafin a juya layi zuwa janareta.